Shekara Bakwai, Busar Yaya Hamidu Ba Ta Tsaya Ba

Shekara bakwai ke nan da aka binne Yaya Hamidu a wata maƙabarta da ke bayan garin Alƙahira, ni kuwa har yau ban yi masa kukan kirki ba. An sha ce mini mai taurin zuciya, na bar masu faɗa da bakinsu. Ranar da aka kira ni daga asibiti ina tsaka da yi wa wata amarya ƙunshi a unguwar Hadayik al-Ma'adi. Na ce innalillahi, na ƙarasa mata ɗaya hannun, sannan na nemi takalmina. Tun daga ranar nake jin kaina kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ina takawa amma ba na jin ƙasa.

Da don ta ni ce, da bana ma ban tayar da maganarsa ba. Inna ce ta sa. Abu ɗaya tsohuwar nan ta roƙe ni tun da ta iso Masar: in je in sa a kashe busar ɗanta, ko ya samu ya huta a kabarinsa.

Yayana ne, ciki ɗaya. Mu Hausawan Sudan ne, irin waɗanda kakanninsu suka kama hanyar Makka suka yada zango, zangon ya zama gida. Shi ya fara zuwa Alƙahira, daga baya ya jawo ni. Sana'arsa busa harmonika, ɗan ƙarfen nan mai jerin ramuka da bai fi tsawon tafin hannu ba, wanda ke kuka in ka hura, ya kuma yi kuka in ka zuƙa. Ba mawaƙi ba ne, bai taɓa hawa dandamali ba. Ɗan haya ne na situdiyo. A kira shi, a ce da Larabci yalla ya Hamid, wato taho, gobe da hantsi. Ya je a ɗora masa abin ji a kunne, a saki waƙar da aka riga aka rera, a nuna masa gurbin da aka bari tsakanin baiti da baiti, ya cike. Sau da yawa ko fuskar mai waƙar bai gani ba. Sunansa kuwa ba a taɓa rubuta shi a jikin komai ba, kuma hakan ya yi masa daɗi, don a gida Inna da marigayi Baba sun san yana jiran shagon jakunkuna ne a kasuwar Ataba.

Abin da ya sa ake nemansa shi ne hannunsa. Waƙar Larabawa tana da wasu sautuka da ke faɗowa tsakanin rami da rami, waɗanda maƙeran harmonika ba su sa mata ba. Sai ya kwance ta, ya baje 'yan harsunan ƙarfen da ke ciki a kan faifan da nake tankaɗe lalle, ya riƙa gogarsu da ɗan siririn magagari, yana gogawa yana busawa, har ta koyi Larabci. Mun sha faɗa a kan faifan nan. In ce, "Yaya, wallahi in amaryar mutane ta yi ƙaiƙayi kai za ka je ka ba da haƙuri." Ya ce, "Ke dai Rakiya bakinki ya fi almakashi." Ya ci gaba da abinsa.

Wata rana ya dawo yana ta dariya, ya ce yau an sa shi aikin da bai taɓa yin mai sauƙinsa ba. Babu waƙa, babu ganga. Sauti ɗaya ɗaya aka ce ya busa, wannan da tsawo, wannan a gajarce, wannan a hankali, wannan da ƙarfi, wannan da rawar murya irin ta mai shirin kuka. Ya bi harmonikokinsa duka, rami bayan rami, suna ɗauka. Ya ce, "Mutanen nan sun zare, waƙa ba kai ba gindi." Ni ma na taya shi dariya. A saninsa, mabushi yana sayar da yininsa ne, gobe in ana so a sake kiransa. Bai kawo a ransa cewa za a zuba sautukan nan a kwamfuta, a jera su a kan fiyano, duk mai yatsa ya danna ya fitar da Hamidu ba.

Daga nan kira ya fara ja da baya. Bai yi ƙorafi ba, ba halinsa ba ne. Sai dai ya zauna bakin taga da waya a hannu, ya ce kasuwa ce ta yi sanyi. Ƙarshe dai Ataban da ya daɗe yana yi wa iyayenmu ƙarya da ita, can ya koma yana taya wani mutumin garinmu jiran kaya. Ciwon ƙirji ya kama shi wani hunturu, bai tashi ba.

Yanzu ko'ina na juya sai in ji shi. A tuktuk, a-daidaita-sahun nan da ke kutsawa lungunan unguwar Ard al-Liwa, a tallan sabulu, a wasan kwaikwayon da ake nunawa da azumi daidai inda ake son mutane su share hawaye. Har a waƙoƙin da aka yi bayan ya shekara biyar a ƙasa. Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo ya gani. Ina jin da farko zai yi dariya, ya ce ashe sai da na mutu kasuwa ta buɗe. Daga baya zai ɓata rai, don yaran da ke danna shi a fiyano ba su san mutum yana numfashi ba. Sukan ja sauti ɗaya ya yi tsawon da babu ƙirjin ɗan Adam da zai iya. Wannan kam zai ƙona masa rai, na san shi.

Da yaƙi ya kore mutanenmu daga gida, Inna ta zo ta same ni a ɗan ɗakin da nake haya. Ba ta yi wata guda ba wata maƙwabciya mai surutun tsiya ta zo gaisuwa, tallan sabulun nan ya wuce a talabijin, ta dafa ƙirji ta ce, "Allah sarki, ga busar marigayi." Na harare ta, amma magana ta riga ta fita. Na zaunar da Inna na faɗa mata komai. Ban ga fushi a fuskarta ba. Sai ta ce, "To yanzu duk sanda aka kunna, ana rubuta masa?"

Ban gane ba sai da ta maimaita. A wurin Inna, mutum ya haƙa rijiya ya mutu, ladan yana bin sa. To wanda ya bar busa fa, ana ta rawa da ita a garin da ba ya shiru, zunubin ne ke bin sa? Ta rage cin abinci. In tuktuk ya wuce da kiɗa sai ta runtse ido kamar an taka ta.

Na shirya na tafi situdiyon da aka ɗauki sautukan nasa. Mai haɗa sautin yana nan, ya tsufa, ya tuna Hamidu sarai, har ya sa aka kawo mini shayi. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, 'yar'uwa. In na goge nawa yanzu a gabanki, na sauran fa? Yana cikin kwamfutar duk wani yaro mai haɗa kiɗa a ƙasar nan. Rabinsu ma ba su san mutum ne ya busa ba." Na so in zage shi, na lalubi zagin a bakina ban samu ba. Na shanye shayina na fito.

Na bi ta wajen wani ɗalibin ilimi ɗan Zariya, mijin wata da nake yi wa ƙunshi. Ya fara jero mini saɓanin malamai a kan kiɗa, wane ya ce, wane ya ce, ga maganar niyya, ga abin da aka yi da aikin mutum ba da saninsa ba. Na ce, "Malam, tsohuwa ce ta ƙi cin abinci. E ko a'a nake so." Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ba ni da e, ba ni da a'a. Allah ne masani, kuma rahamarsa tana da yalwa. Ku yawaita yi masa addu'a." Na ji haushinsa a lokacin, amma dai bai yi mini ƙarya ba.

Na koma na faɗa wa Inna yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta ce, "Ba za ta kasu ba ke nan." Na ce ba za ta kasu ba. Ta gyara zama ta ce, "To khalas, shi ke nan. Tunda ba za a tsayar da shi ba, sai a bi shi. Duk inda ya busa, mu bi bayansa da istigfari." Ranar ta ci abinci.

Tun daga nan kujerarta tana bakin taga. Kiɗa ya taso daga lungu, ta ce, "Rakiya, shi ne?" Wani lokaci na sani, wani lokaci ban sani ba, don ba shi kaɗai aka zuba a kwamfuta ba. In na ce ban tabbata ba, sai ta ce, "A yi dai. In ba nawa ba ne, ai na wata ne." Ta ce Allah ya gafarta masa, ta ja carbinta.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Yaya Hamidu, ba shi da yawa. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, babu inda aka rubuta sunansa. Harmonikokinsa suna cikin akwati sun fara tsatsa. Sai busar da ba ta san mai ita ya mutu ba, da tsohuwa guda da ta ɗaura ɗamarar tsere da garin Alƙahira, suna kunnawa tana gogewa. Na san ba za ta cim musu ba, ita ma ta sani.

Kwanan baya jikinta ya yi nauyi, kunnen ma ya soma yi mata gardama. Ta kama hannuna ta ce, "In na tafi, ke za ki karɓa. Kar ki bar shi shi kaɗai." Na ce to, irin to ɗin da nake ce wa kowa a shekarun nan, ban ji komai ba.

Shekaranjiya ina cikin motar haya zan je aiki, a matse kamar kullum, direba ya ƙara murya. Sai ga shi, sautin nan mai rawa irin na mai shirin kuka, wanda aka goge a kan faifan lallena. Ban yi niyya ba, bakina ne ya riga ni, na ce da ƙarfi Allah ya gafarta masa, da Larabci ma. Matar da ke kusa da ni, Bamisriya ce da kwandon cefane a cinya, ba ta san ni ba, ba ta san shi ba, ba ta tambayi ko wane ne ba. Ta ce amin, ta ɗan matsa mini wuri.