Hoton Hedimasta a Ƙofar Gida

Cikin shekarun da na yi ina ɗaukar hoto a shagonmu na Gyaɗi-Gyaɗi, akwai wata Alhamis da har yau ba ta fita raina ba. Kun dai san ni ba mai yawo ba ne. Daga gida sai shago, fasfo da hoton suna, ana kiran magariba na nufi tuwona. To ranar sai maigidana, Alhaji mai shagon, ya ce, "Habu, akwai aikin dare a Tarauni. Kai kaɗai ka iya shi, kar ka fara min ƙorafi."

Mai aikin wani dattijo ne, Baba Bitrus, tsohon hedimasta, mutumin Kudancin Kaduna. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, washegari da asuba mota za ta kwashe shi da kayansa zuwa garinsu. Hoto ɗaya yake so: shi a kan bencinsa bayan isha'i, layin cike da mutane, yadda ya saba ganinsa shekara da shekaru. Ya ce ban da filasha, wato hasken kamara, wai tana fito da mutum kamar ɓarawon da aka kama.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, in babu filasha sai ka ɗora kamara a kan ƙafa uku, ka bar idonta a buɗe kamar daƙiƙa ashirin tana shan ɗan hasken da ke wurin. Ba a taɓa ta. Wanda ake ɗauka kuma ya ƙame.

Babu wuta a layin, sai fitilar mai shayi. Na kafa kamara, na ce, "Baba, kar ka motsa." Jama'a na ta wucewa: "Sannu Baba." "Allah ya kiyaye hanya, Hedimasta." Kowa ya ɗaga hannu yana tafiya, shi kuma yana amsawa da baki a rufe.

Da hoton ya fito a gilashin kamara sai na ga matsala. Na san abin, na manta ne ban gaya masa ba: mai tafiya ba ya fitowa a irin wannan hoton. Layin fayau. Fitilar wani mai Adaidaita ta bar dogon zare ja. Baba shi kaɗai a kan benci.

Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ina mutanen?"

"Baba, sai wanda ya tsaya take kamawa."

"Au." Ya cire tabarau. "To ai ba ta yi ƙarya ba."

Na ce bari in tara maƙwabta su tsaya masa. Ya ce, "Kar ka kira kowa. In an kira su ai ya zama hoton biki."

Muka sake har sau huɗu, duk haka. Mai shayi ya fara wanke kofuna, in kuwa ya kashe fitilarsa aiki ya ƙare. Sai ga Malam Garba tela, maƙwabcinsa, ya fito yana jan ƙafa.

"Hedimasta, yau kuma ango aka zama? Matsa min, gwiwar nan ta hana ni sakat." Ya zauna. "Ka gudu ka bar ni, da wa zan yi musun labaran rediyo?"

"Da wanda zai yarda da ƙaryarka."

Suka yi dariya, daga nan magana ta ƙare musu. Kowa ya zuba wa ƙasa ido. Ban ce wa kowa ya ƙame ba. Na danna, na riƙe numfashi, na ƙirga ashirin a zuci. Su biyun suka fito tas.

A daren na koma shago na wanke guda biyu, na kai wa Baba Bitrus kafin mota ta tashi. Ya sa ɗaya a aljihun gaba. Ɗayan ya ce in miƙa wa Garba bayan ya tafi, shi ba zai iya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Da na kai, Malam Garba ya duba ya ce, "Ka tsufar da shi." Ya juya cikin gida.

Tun daga ranar, in an ba ni aikin dare, kafin in kafa kamara nakan gaya wa mai aikin masu wucewa ba za su fito ba, ya san wanda zai zauna da shi. Wani nan take zai kira suna. Wani kuma sai ya daɗe yana tunani. Irin wannan kada ku azalzale shi. Ku ajiye jaka ku zauna.