Gindin Dalma da Kujerar Maman Yara

Bayan an rufe masaƙar da nake aiki, na gwada kiwon kifi, na gwada kiwon zomo, duka suka mutu suka bar ni da kwanukan abincinsu. Abu na ƙarshe da na gwada shi ne injin juya katako, irin wanda kafintoci ke fere ƙafar kujera da shi. Ɗan kore ne mara nauyi, mafi araha a shagon, amma mai shagon ya rantse mini sai jikokina sun gaji da ganinsa. Na kafa shi a barandar gidanmu a unguwar Television, daidai inda maman yara ke shanya kuɓewa.

A baki aikin ba shi da wuya. Ka ɗaure guntun katako, injin ya yi ta wulwula shi, kai kuma ka jingina kurfi, wato ƙarfen fira mai kaifin baki, a kan wani ƙarfe da ke kwance a gabansa ka riƙa ferewa. Majinginar nan tana zaune a kan wani gindi da ake ɗaurewa da noti. Gindin ne ya ci amanata. Ranar da na fara sa wa injin katakon maɗaci, kurfi ya cije a katakon, sai ji na yi ƙas, gindin ya rabe biyu.

Ban karaya ba. Na haɗa ɓarayin biyu, na naɗe su da waya, na bi da robar tayar keke, na ƙulle tamau. Ina kunna injin kurfin ya ƙwace daga hannuna, ya tashi sama, ya sauka cikin bahon wankin maman yara. Ta tsamo shi ta miƙo mini, kumfa na ɗiga.

"Baban yara," ta ce, "ni fa kujera 'yar tsugunno kawai na roƙa, gwiwoyina sun gaji da zaman bulo. In Asabar ta zo ban zauna a kanta ba, mai jari-bola zai zo ya auna injin nan, in samu wurin shanyata."

Na yi dariyar yaƙe. Matata ba ta faɗin abu sau biyu, ni kuma in aka ɗauke injin nan ban san abin da zan tashi in yi da safe ba.

Mai waldan bakin layinmu ya ƙwanƙwasa gindin da sifana ya girgiza kai. "Oga, wannan kas ne, ƙarfen zubi, ba ya cin walda. Ka je Tudun Wada wajen masu zubin tukwane su zuba maka sabo."

Na hau mota na tafi. Na iske wani dattijo zaune cikin tukwanen dalma, daga ta shayi har wadda za a dafa wa unguwa shinkafar biki. Al'adar aikinsu ita ce ka kawo samfur, su danna shi cikin ƙasa mai danshi, su zare, su zuba narkakkiyar dalma a gurbin. Na miƙa masa gindin a naɗe yadda yake, don in na kwance wargajewa zai yi.

"Malam, irin wannan nake so, sak. Kada a rage komai."

Ya juya shi ya sake juyawa. "Sak?"

"Sak," na ce, har da ɗaga yatsa.

Da na koma karɓa, ya fito da shi daga cikin wata tukunya yana ƙyalli kamar sabon cokali. Na duba, na murje ido, na sake dubawa. Ga wayata zagaye da shi, ta dalma. Ga ƙullin robar, na dalma, har da ɗan jelar da na bari. Ga layin tsagewar nan raɗau. Ashe ma a karkace na ɗaure ɓarayin, karkacewar ita ma ta fito ba a rage mata komai ba. Ramin da noti zai shiga kuwa babu shi. A madadinsa an buga fure, irin na murfin tukunya.

Raina ya ɓaci. "Haba Malam! Wayar ma sai da ka zuba?"

"Oga, kai ka ce sak. Har na tambaye ka."

"To ina ramin?"

"Ƙasa ce ta cike shi, ba ni ba. Mu rami ba ya cikin aikinmu, tukunya mai rami ai dawo da ita ake yi."

"Furen fa, wa ya sa ka?"

"Wannan kyauta ce." Ya naɗe mini shi a takarda, ya ƙara da gargaɗi cewa kada in yarda a wanke shi da soson ƙarfe, zai dushe.

Mai walda ya huda mini ramin a tsakiyar furen, yana dariya har da riƙe ciki. Na kawo gida na ɗaura, kuma abin mamaki ya zauna daram. Sai dai majinginar ta karkata gefe guda kamar hular ɗan gaye, duk katakon da na fere sai ya fito da kauri a sama, ƙasa kuwa siriri. In na gyara wannan gefen, wancan ya rame. In na rage tsawon wannan ƙafar, waccan ta zarce. Haka na yi ta yi duk lokacin da aka kawo wuta, har na samu ƙafafu huɗu da ba wanda zai ce uwarsu ɗaya. Na kafa su a jikin allo. Kujerar ta tsaya da uku, ta huɗun tana lilo a iska.

Ranar Asabar da hantsi mai jari-bola ya turo baronsa har ƙofar gida, da ma'auninsa a rataye. Maman yara ta fito daga kicin tana goge hannu. Na ajiye mata kujerar a baranda, kunya ta hana ni kallon fuskarta. Ta zagaya ta, ta taɓa ta da yatsa, kujerar ta yi mata sallama gaba da baya. Ta gyara zani ta zauna a hankali.

Kujerar ba ta motsa ba. Na yi mamaki, na saci kallon ƙasa. Ta zare silifas ɗinta ɗaya ta tura shi ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ta rufe da bakin zani, tafin ƙafarta a kan siminti.

Mai jari-bola ya nuna injin da haɓa. "Madam, shi ne wannan?"

"A'a, ka yi haƙuri, ɗana, na wahalar da kai," ta ce. "Ba na sayarwa ba ne. Maigidan yana aiki da shi."

Tun da aka rufe masaƙa ban ƙara jin wani ya ce ina aiki ba. Na juya na kama share garin katako daga kan injin, don kada mutumin ya ga idona.