Baba Kadiri Ya Raba Sirrin Inbatarsa

Ku yi mini afuwa. Ni mai karanta littattafan mutane ce, ban taɓa rubuta nawa ba. Abin da na gani ranar Asabar a unguwar Maamobi ne ya hana ni yin shiru.

Kullum da hantsi Baba Kadiri yakan buɗe kwantenar da ya mayar shago, ya jona wata tsohuwar fanka a inbatar da ya haɗa, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta gida, ya kasa kunne. In fankar ta yi gurnani, aiki bai yi ba. Sai ya koma kan kwamfuta ya gyara lissafin da yake zubawa a cip, ƴar ƙwaƙwalwar da ke sa wutar batir ta fito sumul kamar ta gwamnati. Shekara goma sha huɗu ke nan yana wannan aiki.

Da wutarsa injin oksijin na mahaifiyata yake aiki duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Inbatar kasuwa ta taɓa ƙona mana wani.

Kwatsam muka ji hannunsa ya fara rawa, zai ajiye aiki. Masu wannan sana'a goge lambar cip suke yi, su kulle lissafin, kada wani ya kwaikwaya. In tamu ta lalace, wa zai taɓa ta?

Ranar Asabar ya tara masu gyara na unguwannin Nima da Kanda, har da Habib, wanda ya daɗe yana janye masa kwastomomi. Ya miƙa wa kowa takardun zanen inbatar da filas ɗin kwamfuta mai ɗauke da lissafin.

"Ei, Baba! Duka?" in ji Habib. "Har ni?"

"Kai ma ka fi kowa buƙata. Inbatanka yana kuka kamar akuya."

Aka kwashe da dariya.

"Mutum tara ke numfashi da wutana," in ji Baba. "Sunansu na shafin ƙarshe. Habib, Hajiya Wadia naka ne. Ka leƙa ta Litinin."

Hajiya Wadia mahaifiyata ce.

Baba, kai ne ka tuna da numfashin wasu ranar da hannunka ya gaza. Allah ya saka maka. Masu sana'a, ku ma ku buɗe naku.

Na so in faɗa masa haka a gaban jama'a. Amma kafin wani ya waiwayo, na sulale ta bayan mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, na ruga gida in gaya wa Mma.