Ruwan Baƙo daga Rijiyar Goggo

A shekarun da nake koyar da kimiyya a Malumfashi, lokacin auduga na da daraja, rijiyar goggona ta garin Ƙarfi ta soma warin maganin feshi. A gindinta maƙwabci yake wanke tankin feshinsa. Da ruwan nan Goggo take dama kokon sayarwa, masu saye kuwa sun fara ja da baya. Ta kai ƙara gun dagaci, ya ce a jira masana.

Masanin ya zo, da taye a wuya a tsakiyar bazara. Ya yi mana bayanin injin da suke da shi a birni. Injin ba ya ɗanɗana ruwa. Sai a zuba ruwan a kwalba a toshe, a ɗumama, ya shinshina iskar da ta taru a saman ruwan. Abin da ba ya tashi da tururi, babu ruwan injin da shi. Abin da ya riga ya tashi kafin a toshe, shi ma haka. Hanci ne dai mai tsada, wanda sai an kai masa wari har gida.

Ko leƙa rijiyar bai yi ba. Daga zaure ya miƙa kwalba.

"Iya, a ciko min ruwanku."

Goggo ta shige ciki, ta daɗe. Ina aka taɓa ba baƙo mai taye ruwa daga guga? Ta tafasa, ta tace da ƙyalle, ta yi ta sheƙa shi tsakanin kwano biyu har ya huce. Masani ya ɗaga kwalba ya yaba haskensa.

Sai da motarsa ta tashi Goggo ta gaya min yadda ta yi da ruwan, tana alfahari.

"Haba Goggo, ai warin ake nema!"

"Tafi can, malamin boko. In kunyata gidana gaban mutumin gwamnati?"

Na bi shi ofis na yi masa bayani. Ya ce min injin ba ya ƙarya. Gaskiyarsa. A kan tafasasshen ruwa aka tambaye shi, ya kuma amsa daidai.

Dagaci ya tara mu ya sanar cewa ruwa lafiya lau yake. Maƙwabci ya ci gaba da wankinsa, yanzu har da yardar kimiyya. Masu sayen koko dai ba su da labarin injin, hancinsu suka bi zuwa wata unguwa. Kafin kaka Goggo ta kife tukunyar, ta koma sayar da gyaɗa.