Littafin Awon Sarkin Amin

A layinsu babu wanda ya kai tela baki. Ƙafa a kan keke, allura a gefen leɓe, amma zance ba ya yankewa. In ka kai masa gyaran wando, sai ka dawo da labari uku da ba'a guda wadda za ka yi mako kana neman ramuwarta. Wuri ɗaya ne bakin nan yake mutuwa, wurin addu'a.

Shekara ashirin da bakwai matarsa ce ke riƙe da addu'ar safe. Ƙarfe shida ta durƙusa a bakin gado, ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana kai su gaban Ubangiji. Shi kuwa ya kifa goshi a katifa, kafin ta gama da 'ya'yansu ya yi nisa a barci. Sai ta zungure shi da gwiwar hannu, ya zabura ya ce, "Amin!" Wata rana sauro kawai ta kore masa, ya ce amin. Ranar ta naɗa shi Sarkin Amin, sunan ya bi shi har majami'a.

"Rabon aiki ne," in ji shi. "Ita ta yanka ta ɗinka, ni in sa maɓalli."

Wata Talata ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Ta dawo daga asibiti hannun dama a shanye, magana ta ɗauke ɗif. Likita ya ce muryar na iya dawowa in za ta riƙa gwadawa, ita kuwa ko gwadawar ta ƙi. Tela ya ajiye mata cokali da kofin ƙarfe, in tana son abu ta buga.

Washegari ƙarfe shida ya ji ƙwan, ƙwan. Ya kawo ruwa, ta girgiza kai. Ya kawo shayi, ta harare shi, ta nuna masa ƙasa a bakin gado. Ya durƙusa.

"Ya Ubangiji, ka san komai, ba sai na tsaya ba ka labari ba. Ka ba ta lafiya. Cikin sunan Yesu, amin."

Ta dubi agogo, ta dube shi, ta juya fuska bango. Ranar ko loma ba ta kai baki ba. A nan ya gane ba hannun ne ya fi ci mata rai ba, mutanenta ne da aka bari babu mai ambatarsu. Shi kuma ko suna ɗaya bai riƙe ba, duk a barci ya sa musu hannu.

Da rana direban bas ya kawo wando a rage masa. Tela ya zagaya shi da tef, ya buɗe littafin awo, ya duba na bara.

"Kai, abokina, ina ka kai inci huɗu? Ko fasinja ka ba ajiya?"

Direba ya yi dariya, dariyar ta karye a hanya. Ɗansa ne ya bar gida, wata uku babu labari.

"Zan sa ka a addu'a," in ji tela. Kalmar da ya faɗa wa mutum dubu ke nan, ma'anarta kullum, zan gaya wa maman yara. Yanzu wa zai gaya wa? Ya tsaya yana kallon littafin, bangonsa ya sha man keke ya yi baƙi. Ashe duk layin na ciki, har da abin da ke cinsu.

Da safe ya shigo ɗakinta da littafin a hammata.

"Ubangiji, ni ne dai. Shafi na ɗaya. Ga direba, ya zube inci huɗu, ka dawo masa da ɗansa, ƙugun zai biyo baya. Ga malamar makaranta, sau biyu ina buɗa mata riga, ka sauke ta lafiya. Ga tsohon nan da ya kawo rigunan marigayiyar matarsa a gyara wa 'yarsu, ya kasa sakin ledar. Ka riƙe shi."

Da ya ɗaga kai, minti arba'in sun wuce. Ta buga kofi sau ɗaya, ta nuna shayi.

Tun daga nan shafi biyar ne kowace safiya, in littafi ya ƙare a koma farko. Abin ya bi shi shago. Rigar da ke ƙarƙashin allura, mai ita yake yi wa roƙo har a kai ƙarshen ɗinki. Ya koyi tambayar mutum ya kuma tsaya ya ji amsa, abin da ya sa wasu suka ɗauka ba shi da lafiya. Har shiru ya koya, yakan yi minti biyar a durƙushe bai ce komai ba, kuma babu minshari.

Sai dai akwai shafi na goma sha tara, na mai guga, maƙwabcinsa na shago. Shekara tara da suka wuce ya ƙona masa rigar amarya, ya ce laifin yadi ne. Tun ranar ko gaisuwa. In tela ya iso nan sai ya lashi yatsa ya juya shafi biyu.

Ƙwan, ƙwan, ƙwan!

"Ruwa, maman yara?"

Ƙwan!

"To, sanyi ne. Bari in rufe taga."

Sau uku ana zagaye littafin suna wannan. A na huɗu ya lashi yatsa, ta ɗaga cokali, cokalin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Tela ya yi kamar bai gani ba, ya juya shafinsa. Sai ya ji wata murya kamar ƙofar da ta shekara a rufe.

"Mai... guga."

Littafin ya faɗi daga hannunsa.

"Wata biyar ina roƙon Allah ya buɗe bakin nan," ya ce, hawaye na bin gemunsa, "ashe da sunan wannan mutumin za a buɗe shi!"

"Yi," in ji ta.

Ya koma ya durƙusa. "Ubangiji, ga shi nan. Kai ka yi shi, ka fi ni sanin dalili." Ta harare shi. Ya ja numfashi, muryarsa ta sauka. "Ƙafafunsa sun kumbura don tsayuwa, ina gani ta taga ina kau da kai. Ka warkar da shi. Ni kuma ka yafe mini shekara taran nan, riga guda ba ta kai haka ba. Cikin sunan Yesu."

"Amin," in ji matarsa, sarai, babu gargada.

"Shi ke nan, an tuɓe ni! Ranki ya daɗe, sarauta ta koma hannunki."

Bai buɗe shago ba ranar sai da ya tsaya a ƙofar maƙwabci, tef a wuya, littafi a hammata. Mai guga ya ɗago, dutsen guga na tururi a hannunsa.

"Lafiya?"

"Ajiye abin nan kafin ka sake ƙona wani. Ɗaga hannu in auna ka, awonka ya shekara tara. Kunya nake ji in kai wa Ubangiji tsohon lissafi."