Hannun Kwamishina

Ɗazu na fito daga intabiyun aikin buga tafireta a GRA, gaban sabon kwamishinan farar hula, kuma marigayi kakana ne ya cece ni.

Masinja ne tun zamanin Turawa, kalmar Turanci ɗaya ya iya: "get". A zaurensa na Ƙofar Sauri, mai ƙamshin goro da tsohuwar tabarma, yakan ce mani, "Amarya, Bature rowar kalma gare shi. Samu get, tashi get, fita get, ganewa ma get. Kar ki wahal da kunnenki, hannunshi za ki kalla. In ya nuna ƙofa, ki ruga!"

Ni da sakandarena, dariya nake mashi.

Yau kwamishina ya zubo Turanci, tsoro ya toshe mani kunne, "get" kaɗai na tsinta. Na ɗauka korata yake. Har na ɗaga ƙafa, sai na kalli hannunshi. Ashe kujerar gaban tafireta yake nunawa. Na zauna, na buga, aka ce in fara aiki Litinin.

Allah ya jiƙanka, angona. Allah ya sa ƙofar Aljanna za a nuna maka, ka ruga a guje.