Akwatunan Malam Daga Salaga Zuwa Bawku

Talata, Salaga zuwa Bimbila

Muna sallame sallar asuba, ƙarfe biyar da minti goma, na tayar da a-kori-kurata a ƙofar gidanmu na Salaga. A bayanta na ɗaura ɗakin nan mai taya da ƙanenmu ya aiko daga Jamus, irin wanda Turawa ke ja su kwana a ciki in sun fita shan iska. Shekara biyu yana jibge a tsakar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, sai ranar ya sami aikin yi. Damina ce, shi kuma yana da rufi, kayan da zan ɗauka kuwa ba sa shiri da ruwa.

Akwatunan ƙarfe huɗu ne, cike da littattafan mahaifinmu, Malam, Allah Ya jiƙansa. Duk rubutun hannu ne, wasu nasa, wasu na kakanninmu da fataucin goro ya kawo su Salaga. Tun yana raye ya ce na yayarmu Azumi ne, don cikin mu tara ita kaɗai ta zauna gabansa ta yi karatu har aure ya kai ta Bawku. Da ya rasu sai ƙanensa, Kawu Sule, ya ce ilimin gida ba ya bin mace gidan miji. Shekara shida ana ja-in-ja. Bana ya sauko, da ya ji cewa idon Yaya ya fara dusashewa, kuma likita bai ba ta wani dogon lokaci ba. Ni Tanko, da nake sana'ar albasa a Bawku, ni aka ɗora wa kai mata su tun tana iya ganin baƙi.

A can ƙarshen ɗakin, ta baya, akwai gado mai tudu. Nan Kawu ya sa aka jera akwatunan.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Tanko, kada su taɓa ƙasa. Inda takalmi ke takawa ba wurinsu ba ne. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa. Ta gaban ɗakin kuma na loda doya ƙwarya guda, wato guda ɗari, bayan motar ma cike da buhunan garin rogo. Wa zai bar Salaga a lokacin sabuwar doya hannu rabbana? Abokin tafiyata Baba Seidu ne, aminin Malam, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi amma bai ajiye baki ba.

Ko kilomita goma ba mu yi ba ya fara. "Kai Tanko, fitilunka hanya suke haskawa ko tsuntsaye kake nema a kan bishiya?"

Gaskiyarsa ce. Gindin motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama, sitiyari kuma sakayau a hannuna kamar faifai. In na murɗa sai motar ta yi shawara kafin ta bi. Kilomita saba'in da 'yan kai zuwa Bimbila sai da suka ci mana awa uku da rabi. A shingen 'yan sanda na bakin gari wani kofur ya zagaya mu sau biyu yana dariya, ya ce bai taɓa ganin mutum ya ɗauko ɗakinsa a baya ba sai kunkuru. Ya duba takardu ya ɗaga mana itace. Muka sha koko da ƙosai na sidi goma sha biyar, kuɗin ƙasar, a tasha, muka ci gaba ƙarfe tara da kwata.

Yendi

Goma sha biyu da rabi muka shiga Yendi, kafaɗuna sun yi tsami. Baba Seidu bai bar ni na nemi abinci ba, kai tsaye ya kai ni garejin wani mai walda, Masta Abukari, Badagombe gajere mai furfura a gira. Hausarsa irin ta zango ce, wato unguwar baƙi 'yan kasuwa, mota ma "shi" yake ce mata, amma aikinsa babu gargada.

Ya sa muka kwance ɗakin daga ƙugiyar ja. Ya ɗauko igiya ya auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman tayar gaba, ya ƙulla. Muka mayar da ɗakin, ya sake aunawa. Gaban motar ya tashi yatsa huɗu cur.

Ya ce, "Alhaji, ka gani? Kaya ya danne baya, tayan gaba ba ya riƙe ƙasa. Ɗakin nan da ya zo, ba sanda biyu na ƙarfe da sarƙa a ciki?"

Baba Seidu ya juyo ya zuba mini ido.

Akwai su mana! Dogaye biyu, masu lanƙwasa a kai, ƙarfen sifirin mai kyau. Na ɗauka tarkace ne aka cusa don cike wuri, na ba maƙerin unguwarmu ya ƙera mini adduna uku da fartanya. Har yabon ƙarfen ya yi ta yi.

Baba Seidu ya tafa hannu. "La ilaha illallahu! Ƙaninka ya biya kuɗin jirgin ruwa daga Jamus don ka sare ciyawa?"

Masta bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da tsinke. Ƙugiya iri biyu ce, in ji shi. Tawa dunƙulen ƙarfe ce kawai, duk nauyin hancin ɗakin a kanta yake sauka. Ɗayar kuwa tana da kai mai ramuka biyu, a zura sandunan a ciki, a ja wutsiyarsu sama da sarƙa a maƙale a jikin ƙarfen ɗakin. In sarƙa ta ɗaure, sandunan sai su tallabe mahaɗar kamar yadda mutum ke ɗaga hannayen baro, nauyi ya rabu, wani ya koma tayoyin gaba, wani ya koma na ɗakin. Ana ƙara zoben sarƙa ɗaya-ɗaya ana aunawa da igiya, har gaban motar ya dawo kan ƙullin farko. Ya ce sanduna ma ba a zaɓarsu da ka, sai an san nauyin hancin, don masu laushi ba su ɗagawa, masu tauri da yawa kuma su tsaga ƙarfe a rami.

Nan take ya buga wa wani abokinsa waya a Tamale. Akwai ƙugiya mai sanduna ta hannu daidai da ɗakina, za a sako ta a motar haya ta iso Laraba da yamma, Masta ya ɗaura mini Alhamis da safe.

To a nan shaiɗan ya sami ƙofa. Kowace Alhamis da hantsi matan da Yaya ke karantarwa sukan cika gidanta, sun fi arba'in. Tun daga Salaga nake hango kaina ina tsayawa a ƙofar gidan nan, ana guɗa, ana cewa Tanko ya yi abin da ya gagari maza shekara shida. Ni da ban wuce izu biyu ba a gaban Malam, ina son ranar nan ta zama tawa. Wannan ne gaskiyar maganar, ba wani uzuri ba.

Na ce, "Masta, ba doya ce ta danne ba? A sauke ta, magana ta ƙare."

Aka sauke. Gaban motar ya sauko, har na fara murmushi. Masta ya sa hannu ɗaya ya ɗaga hancin ɗakin kamar yana ɗaga buta.

"Yanzu ya fi da haɗari, Alhaji. Nauyi duka yana wutsiya, kuma a sama. In ka kama gangara, zai yi maka rawa. In dole ka tafi, sauko da akwati ƙasa, daidai saman taya. Ka shimfiɗa tabarma."

"Littattafan Malam a ƙasa? Na yi alkawari."

Baba Seidu ya ce, "Ɗana, na yi shekara talatin ina ɗaukar Malam a mota. Shi kansa a tabarma yake zama da su. Sule bai taɓa tuƙa ko keke ba."

Na ce, "Baba, ku bar maganar nan, alkawari kaya ne." Na faɗe ta da ƙarfi, har na ji daɗin kaina. Masta ya naɗe igiyarsa ya sa a aljihu, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce bai yi aikin komai ba.

Muka sauka a zango gidan wani abokin Baba Seidu, na bar masa doyar. Matarsa ta yi mana tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo. Baba Seidu ya ci nasa ya juya mini baya ya kwanta.

Laraba, Gushegu da Nakpanduri

Ƙarfe shida muka tashi. Sitiyari ya yi nauyi yadda nake so, na riƙa satar kallon tsohon ina jiran ya yaba. Takwas da kwata muna Gushegu, kilomita sittin, muka sha mai muka sayi wake da shinkafa a ganye. Sau biyu a hanya, da manyan motoci suka gifta mu, na ji ɗakin ya kaɗa wutsiya ya dawo. Na ce iska ce. Baba Seidu ya ce, "Uhm," ya ciro carbinsa.

Ɗaya saura kwata muka kai Nakpanduri, an yi ruwa da safe, kwalta na sheƙi. Ga wanda bai san wurin ba, garin a kan dutse yake, daga nan hanya ke gangarawa tana lanƙwasa har ƙasan kwari. Na sa giya ta biyu, muka sauka lafiya har kwanar ƙarshe. Da na hango miƙaƙƙiyar hanya da 'yar gada a gaba, sai na saki motar, na ce an gama.

Ɗakin ya kaɗa hagu. Ya kaɗa dama, ya fi na farko. Baba Seidu ya yi ihu, "Kada ka taka birki!" Amma ƙafata ta riga kunnena. Na ji an fizgi gindin motar, duniya ta juya, sai ƙara. Da muka tsaya motar na kallon inda muka fito, ƙugiya ta karye, ɗakin kuma yana kwance a gefensa a gangaren rafi. Bangon bayansa, wanda ashe katako ne marar kauri, ya fashe. Akwati ɗaya ya maƙale a ciyawa. Uku suna cikin ruwa, biyu a buɗe.

Ban san lokacin da na faɗa rafin ba. Ruwa ja, iya ƙugu, takardu na yawo a kansa. Duk wadda na cafka sai in ga baƙin yana narkewa yana bin yatsuna. Tawadar gargajiya ce, ta gawayi da ƙaro, ba ta jure ko raɓa. Ina kamawa ina salati, ina kuka kamar ba dattijo mai jikoki ba. Wasu mata Kusasawa da ke wanki suka shigo da kwanukansu suna tarewa, manoma suka zo da igiya aka jawo akwatunan. Muka shanya takardu a kan duwatsu har la'asar. Da suka bushe sai ga su toka-toka, nan ɗigo, can rabin kalma.

Baba Seidu ya fasa goshi. Yana dafe da tsumma ya zauna kusa da ni. Na jira faɗa, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Tattara, hadari na haɗuwa."

Muka bar ɗakin a wurin, muka ɗora akwatunan kan buhunan gari muka rufe da tamfol ɗin aro. A Garu muka kwana, bayan an ɗinke masa goshi.

Alhamis, Bawku

Kilomita talatin ne daga Garu, amma sai da na yi ta jan ƙafa har azahar, don kada in tarar da matan. Ƙarfe biyu da minti ashirin na tsaya a ƙofar gidan Yaya. Babu guɗa. Tana zaune a tabarma da farin mayafi, ta sa sabon tabarau, ta ma tanadi matashin da za ta ɗora littafi.

Na durƙusa na faɗa mata duka, har sandunan, har maganar Masta, har guɗar da nake kwaɗayi. Ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Baba Seidu fa?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Alhamdu lillahi. Wanne ya tsira?"

Na buɗe mata. Na kakanni ne, fiƙihu da nahawu, irin waɗanda ake samu a wasu gidajen. Ta shafa su. Sannan ta ce in kawo mai koren fenti, ta san shi tun tana yarinya, a ciki Malam ke ajiye abin da ya rubuta da hannunsa. Shi ne na ukun da ya nutse a rufe, ni kuwa tsoro ya hana ni buɗe shi a bakin rafi. Na ɓalle kwaɗo. Takardun sun manne sun zama curi guda. Ta ɓamɓaro ɗaya, ta kai ta dab da tabarau, ta juya ta wajen haske, ta daɗe. Ta ajiye.

Da ta karkata akwatin sai muka ji motsin ruwa. A ƙasansa akwai sauran da bai tsiyaye ba, baƙi ƙirin.

Ta ce, "Miƙo mini ƙoƙon can."

Ta tace shi da gefen mayafinta, mayafin ya yi baƙi. Ta yi bisimilla ta kurɓa sau uku. Hawaye na bin ƙarƙashin tabarau, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Shekara shida ina roƙon Allah Ya sa karatun Baba ya shiga cikina. Ban faɗa maSa ta wace hanya ba." Ta miƙo mini ragowar. "Sha, Tanko. Kai ma ɗansa ne."

Na sha. Ɗacin gawayi ne da ƙasar rafi.

Na iso gidana bayan la'asar. Ina gode wa Allah da Ya bar mu da rai, da Baba Seidu, da matan rafin nan da ban san sunan ko ɗaya ba, da Masta Abukari wanda ya faɗa mini gaskiya kyauta na ƙi saya. Kawu Sule ya kira ranar Juma'a ina gidan Yaya, yana tambaya ko akwatunan sun taɓa ƙasa. Yaya ta karɓi wayar daga hannuna ta ce masa sun iso, kuma ta fara da na Malam.